Yadda Ake Haɗa Fim Mai Launi da Takardar da Ta Dace da Shi a Ɗakin Duhu

Wanda ya saba buga hoton baƙi da fari yana da wani gata da ba ya sanin darajarsa sai ranar da ya shiga aikin launi. Idan nagatif, wato wankakken fim mai juyayyen hoto, ya zo masa da laushi, sai ya ɗauko takarda mai tsauri, mai lamba 4. Idan ya zo da tsauri, ya koma lamba 1, ko ya juya filta a kan takarda guda. A hoto mai launi wannan ƙofar a rufe take. Takardar da ke hannunka hali ɗaya gare ta, kuma yawancin waɗanda ake yi a yau masu tsauri ne. Saboda haka daidaita fim da takarda yana farawa ne tun ranar da ka tsaya zaɓen fim ɗin da za ka sa a kyamara, tun kafin ka kashe fitilar ɗaki.

Da tsauri da laushi ina nufin tazarar da ke tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu a hoto, abin da masu sana'a ke kira kwantiras. Riƙe wannan da kyau, domin a kansa duk maganar take.

Fara da sanin abin da kake haɗawa

Fim ɗin nagatif mai launi ana wanke shi da tsarin C-41, wanda Kodak ya fito da shi a 1972, a zafin digiri 37.8 na tsawon minti 3 da sakan 15. Takardarsa kuwa tsarin RA-4 take bi, na ƙarshen shekarun 1980. An ƙera su ne don su cike giɓin juna. Fim yana da laushi da gangan, yana matse hasken duniya mai faɗi cikin ƙaramar tazara don kada komai ya ɓace. Takarda kuma tana da tsauri da gangan, tana sake buɗe abin da fim ya matse. Idan tsaurin takarda ya yi daidai da laushin nagatif, hoto ya fito kamar yadda ido ya gani. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, ko dai hoton ya fito a dishe kamar an lulluɓe shi da hazo, ko farare su ƙone, inuwa ta toshe.

Ɗaga nagatif sama ka dube shi, za ka ga duk jikinsa launin ruwan goro ne, har gefen da hoto bai taɓa ba. Wannan ba lahani ba ne. Rinin da ke cikin fim ba ya da tsarki ɗari bisa ɗari, musamman majenta da shuɗi-kore, suna shanye hasken da ba nasu ba. Wannan rufin ruwan goron shi ne maganin kuskuren, kuma an yi takardar RA-4 tana sa ran ganinsa. Kowane irin fim da nasa zurfin rufin. Shi ya sa lambobin filta, wato ma'aunin launin hasken da ake buga hoto da shi, da suka yi maka daidai a fim ɗin Portra ba za su yi daidai a fim ɗin Gold ba, ko da kuwa rana ɗaya ka ɗauke su, a wuri ɗaya.

Akwai masu cewa fim ɗin Kodak sai takardar Kodak, na Fuji sai ta Fuji. Ban yarda da wannan a matsayin doka ba. Duk nagatif na C-41 mai rufin ruwan goro yana buguwa a kan kowace takardar RA-4. Abin da ke canzawa shi ne lambobin filta da ɗan yanayin launi, kuma duka biyun gwaji ne ke nuna su.

Mataki na farko: zaɓi takarda ɗaya, ka zauna a kanta

A da Kodak yana da takardu uku a jere: Portra Endura mai laushi don hoton fuska, Supra Endura matsakaiciya, da Ultra Endura mai tsauri. Mai bugu yana duban nagatif ya zaɓi wadda ta dace. Wannan zamanin ya wuce. A 2020 Kodak Alaris ya sayar da sashen takarda da sinadaransa ga kamfanin Sino Promise, daga baya kuma samun Endura ya yi wuya. Abin da mafi yawan masu ɗakin duhu ke samu yanzu shi ne Fujicolor Crystal Archive, da nau'o'inta irin su Type II da DP II.

Abin da ya kamata ka sani game da takardun yanzu shi ne, don injunan dijital aka gyara su, irin su Frontier da Noritsu da Lambda, masu rubuta hoto a takarda da hasken lesa. A can kwamfuta ce ke sassauta hoton kafin ya sauka, don haka babu laifi takardar ta yi tsauri da cikar launi. Kai da kake haska nagatif kai tsaye ta inlaja, wato injin faɗaɗa hoto, ba ka da kwamfutar da za ta shiga tsakani. Duk abin da ke cikin nagatif zai faɗa kan takarda yadda yake.

Sayi kwali ɗaya mai yawa maimakon ƙanana daga wurare dabam-dabam, domin ko takarda iri ɗaya ce, wani zubin yana bambanta da wani da 'yan lambobi. Ajiye ta a firji, ka fitar da ita awanni kafin aiki, kada ka buɗe ledar sai ta huce daga sanyi, in ba haka ba raɓa za ta sauka mata. Tsohuwar takarda farinta yana komawa rawaya-rawaya, kuma babu filtar da za ta dawo da shi. Gwajinta mai sauƙi ne: yanki ɗan guntu cikin duhu, ka wanke shi ba tare da ya ga haske ba, ka kwatanta shi da bayan takardar.

Mataki na biyu: zaɓi fim daidai da takardar da kuma hasken

Tunda takarda mai tsauri ce, fim mai laushi ne abokin zamanta. Portra 160 da Portra 400 su ne na fi ba mai farawa shawara. Suna riƙe bayani a cikin farare da cikin inuwa, launin fata kuma yana fitowa da natsuwa. Gold 200 da UltraMax 400 sun ɗan fi su tsauri da ɗumin launi, suna buguwa da kyau idan hasken da aka ɗauki hoton bai yi zafi ba. Ektar 100, wanda ya fito a 2008, shi ne mai wuyar sha'ani. Launinsa a cike yake, tsaurinsa ya fi na sauran, idan ya haɗu da takardar yanzu kuma an ɗauki hoton da tsakar rana, ja yana zama kamar an zuba fenti, inuwa ta karkata zuwa shuɗi. Amma ba shi rana mai gajimare, ko hazo, ko bango mai launi a dishe, za ka ga abin da aka yi shi dominsa.

Ka ga ke nan abu uku ake haɗawa, ba biyu ba: haske, fim, takarda. Haske mai tsauri yana son fim mai laushi. Haske mai laushi yana iya ɗaukar fim mai tsauri. Gwajin da ya fi kowanne tona asirin haɗin shi ne mutum mai duhun fata sanye da fararen kaya. Idan ka iya fito da saƙar yadin ba tare da fuskar ta nutse ba, haɗinka ya yi.

Akwai finafinan da ya kamata ka san halinsu kafin su ɓata maka dare. Fim ɗin silima irin Vision3, idan an wanke shi da tsarinsa na ECN-2, ya fi na C-41 laushi, domin an yi shi ne don a buga shi a kan wani fim mai tsananin tsauri, don haka a takarda yakan fito a kwance. Wanda aka yi don hasken kwan fitila mai ɗumi na 3200K, kamar CineStill 800T, idan ka ɗauka da shi da rana ba tare da filta mai lamba 85 a gaban kyamara ba, shuɗin da zai yi yana da wuyar cirewa gaba ɗaya. Harman Phoenix na 2023 mai tsauri ne ƙwarai kuma rufinsa ba irin wanda aka saba ba ne, zai kai ka lambobin filta nesa da na kowa. Ilford XP2 kuwa, duk da cewa da C-41 ake wanke shi, ba shi da rufin ruwan goro, takardar baƙi da fari ce tasa. Fim ɗin silaid, wanda hotonsa ke fitowa kai tsaye ba a juye ba, ba ya cikin wannan lissafin ko kaɗan.

A wajen ɗauka, kada ka yi wa fim rowar haske. Nagatif mai launi yana jure ƙarin haske na mataki ɗaya, wato ninki biyu, cikin sauƙi, amma ƙarancin haske yana barin inuwa babu komai a ciki, a takarda sai ta fito kamar hayaƙi, ba baƙa ba, ba kuma bayani.

Mataki na uku: yi nagatif na ma'auni

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke rage ɓarnar takarda. Duk sa'ad da ka fara sabon irin fim, ba da hoto ɗaya na farko ga gwaji. Zaunar da mutum a inuwa mai haske ko kusa da taga, ya riƙe katin toka na kashi 18 cikin ɗari, a sa farin ƙyalle da baƙi a cikin hoton. Haske iri ɗaya tak, kada a bar wata fitila kunne a ɗakin. Wannan nagatif ɗin shi ne zai gaya maka lambobin tushe na wannan fim a kan wannan takarda a wannan inlaja. Ka kuma ajiye guntun fim ɗin da aka wanke amma bai ga haske ba, na farkon naɗi. Zai yi maka amfani nan gaba.

Mataki na huɗu: kafa ɗakin yadda ba zai riƙa canzawa ba

Takardar launi tana ganin kowane launi, don haka jar fitilar baƙi da fari za ta lalata ta nan take. Akwai fitila ta musamman mai filtar Kodak lamba 13, amma haskenta kaɗan ne ainun, ni dai na fi son duhu sosai. Hannu yana koyon wurin komai cikin kwana biyu. Rufe duk wani ɗan haske na agogo ko na soket.

Sinadaran biyu ne: dibelofa, mai fito da hoto, da biliks, wanda ke wanke azurfa ya kuma tabbatar da hoto. A digiri 35, kowanne sakan 45 ne, sai wanki da ruwa na kusan minti ɗaya da rabi. Wasu sinadaran suna aiki a zafin ɗaki da tsawon lokaci, bi abin da ke rubuce a takardar da ta zo da su. Ko da tire kake aiki, ko da duron Jobo, wato rufaffen bututu mai juyawa da ake wanke takarda a ciki, abin da ake nema shi ne zafi ɗaya, lokaci ɗaya, motsi ɗaya kowane karo. Idan da duro ne, sa ruwan tsayarwa mai ɗan tsami tsakanin biyun, ka kuma wanke duron ka busar da shi kafin takarda ta gaba. Ɗigo kaɗan na biliks a cikin dibelofa ya isa ya karkatar da launi, ka yi ta juya filta kana neman laifin da ba a nan yake ba. Sa safar hannu, domin sinadarin CD-3 da ke cikin dibelofa yana iya sa fata ƙaiƙayi mai daɗewa, ka kuma bar iska tana shiga ɗakin.

Kwan inlaja ma yana da nasa. Idan ƙarfin lantarki yana hawa da sauka, launin hasken kwan yana canzawa, hoto biyu da lambobi ɗaya su fito dabam. Na'urar daidaita lantarki tana maganin wannan.

Mataki na biyar: nemi duhun hoto tukuna, launi daga baya

Kan inlaja mai launi yana da maɓallai uku: Y na rawaya, M na majenta, C na shuɗi-kore. Bar C a kan sifili. Fara da wajen 50 a M da 50 a Y, ko abin da mai takardar ya ba da shawara. Lambar farawa ce kawai, kuma lambobin injin Durst ba daidai suke da na wani kamfani ba, don haka kada ka kwafi na wani ka zaci ka gama.

Sa nagatif na ma'auni, tsuke ƙofar lens zuwa f/8 ko f/11, ka yi gwajin tsiri, wato ka haska takarda ɗaya sashe-sashe, kowane sashe da lokacinsa: sakan 2, 4, 6, 8, 10. Takardar launi tana da saurin kama haske. Idan lokacin da ya dace ya gaza sakan 5, ƙara C da M da Y daidai wa daida, wannan yana rage haske ba tare da taɓa launi ba. A yawancin injuna ƙarin 30 ga kowanne yana raba hasken biyu.

Wanke, sannan ka busar kafin ka yanke hukunci. Jiƙaƙƙiyar takarda tana da wani shuɗi-shuɗi a fuskarta kamar madubin da aka hura wa numfashi. Riƙe ta gaban na'urar busar da gashi ka zuba ido: shuɗin yana janyewa daga gefe zuwa tsakiya, baƙi yana zurfafa, fuskar da ka zaci ta yi sanyi sai ka ga jini ya dawo mata. Wanda ya gyara launi a kan jiƙaƙƙen hoto yana gyara abin da zai tafi da kansa ne. Duba kuma a hasken rana ko fitila mai kusan 5000K, wuri ɗaya kullum.

Mataki na shida: gyaran launi

A nan hankali yake rikicewa, domin komai a juye yake. Ƙa'idar ita ce: launin da ya yi yawa a hoto, shi za ka ƙara a filta. Dalili kuwa, filtar rawaya tana tare hasken shuɗi, sashen takardar da ke jin shuɗi shi ne ke haifar da rinin rawaya, don haka ƙarin filtar rawaya yana rage rawaya a hoto. Idan hoto ya yi rawaya, ƙara Y. Idan ya yi shuɗi, rage Y. Idan ya yi majenta, ƙara M; idan ya yi kore, rage M. Idan ya yi ja, ƙara Y da M tare. Idan ya yi shuɗi-kore, rage su tare. Rubuta wannan da manyan baƙaƙe ka liƙa a bango.

Yi babban gyara da farko. Karkata mai ƙarfi tana son 15 zuwa 20, matsakaiciya 10, ƙarama 5, a ƙarshe kuma za ka ga ko 2 tana nuna kanta a takardun yanzu. Gara ka zarce ka dawo da ka yi ta rarrafe kana cinye takarda. Ka tuna cewa taɓa M yana shafar duhun hoto fiye da taɓa Y: idan ka ƙara M, ƙara ɗan lokaci.

Kada ka auna launi a farare ko a cikin inuwa mai zurfi. Dubi katin toka da wurare masu matsakaicin haske. Ido kuma yana da saurin sabo, idan ka ƙura wa hoto ido na minti ɗaya zai gaya maka komai lafiya. Kalla, kau da kai, sake kallo. Filtocin dubawa da Kodak da Lee suka yi suna taimakawa: ka gifta ɗaya tsakanin idonka da hoto, wadda ta gyara shi, sai ka rage rabin lambarta daga inlaja. Wato idan majenta 10 ta sa hoton ya yi daidai, rage 5 daga M. Abin da ya fi ba masu farawa wuya shi ne bambance ja da majenta, da kuma shuɗi da shuɗi-kore. Maganinsa ka sadaukar da takarda bakwai rana ɗaya: hoto daidai a tsakiya, shida a kewaye, kowanne ya karkata da 10 zuwa launi ɗaya. Rataye su inda kake duba aiki.

Idan tsaurin bai dace ba

Launi ya daidaita, amma farar riga ta zama fili babu saƙa, ko kuwa idan ka fito da saƙar sai fuska ta nutse. Nagatif ya fi ƙarfin takarda ke nan. Hanya ta farko ita ce ta hannu: tare haske daga fuska na ɗan lokaci, ƙara shi a kan riga. Hanya ta biyu, wadda na fi dogara da ita, ita ce shafa wa takarda ɗan haske kafin a buga hoton. Ga amfanin guntun fim ɗin nan da ka ajiye. Sa shi a inlaja da lambobin filta iri ɗaya, tsuke lens sosai, ka yi gwajin tsiri don gano lokaci mafi tsawo da takarda ke zama fara tas. Ba takardar wannan hasken, sannan ka mayar da nagatif ka buga. Wurare masu haske sai su fara nuna bayani, inuwa kuwa ba ta canza sosai ba. Idan ka wuce gona da iri, farin hoto zai yi datti.

Masu gogewa suna kuma taɓa dibelofa: ɗan sodiyam salfait yana rage tsauri, ɗan haidurojin feroksaid yana ƙara shi. Ware kofi guda ka gwada a ciki, kada ka zuba a cikin na aikinka duka.

Akwai kuma ciwon da filta ba ta warkarwa, wato giciyen launi: wurare masu haske su karkata zuwa wani launi, inuwa ta karkata zuwa kishiyarsa. Na taɓa kwana a kan hoton wani dattijo zaune kusa da taga, ashe akwai kwan fitila kunne a bayansa. Na gyara gefen taga, ɗaya kuncin ya koma ja. Na gyara wancan, wannan ya yi shuɗi. Takarda goma sha ɗaya na kashe kafin na fahimci cewa haske biyu ne a cikin nagatif ɗin, filta kuwa hoto duka take juyawa lokaci guda. Tsohon fim, wankin C-41 da zafinsa ya kauce, da ƙarancin haske duk suna haifar da irin wannan. Idan ka gan shi, daidaita abin da ya fi muhimmanci a hoton, yawanci fuska, ka bar sauran.

Da zarar nagatif na ma'auni ya fito daidai, rubuta komai a bayan hoton da kuma a littafi: sunan fim, takarda da lambar zubinta, Y da M, ƙofar lens, sakan, tsayin kan inlaja, zafin sinadari. Da waɗannan lambobin buga dukan naɗin a takarda ɗaya, kana ɗora nagatif kai tsaye a kanta ƙarƙashin gilashi, da guntun fim marar hoto cire daga inlaja. Hotunan da aka ɗauka a haske irin na ma'aunin za su fito kusa da daidai, sauran kuma za ka ga inda kowanne ya karkata tun kafin ka faɗaɗa shi. Ranar da ka buɗe sabon kwalin takarda, ko ka canza kwan inlaja, ko ka haɗa sabon sinadari, fara da nagatif ɗin ma'auni, ka kwatanta da tsohon bugun, bambancin da ka samu a Y da M ka ƙara shi ko ka rage shi a kan duk lambobin da ke littafinka.